Taswirar Gonakin Goron Dutse

Ranar da telan ya fara zuwa ɗakin karatunmu, da jini a gaban rigarsa ya zo. Ba nasa ba ne, na ƙaninsa ne, wanda ya baro a asibiti ana ɗinke masa kai. Ina zaune a teburina ina manna wa wani littafi bango, sai na ga mutum a bakin ƙofa ya tuɓe takalma, yana ta haki. Na ce masa, "Malam, asibiti can gaba ne, nan littattafai kawai muke jinya." Bai yi dariya ba. Ya ce daga can yake, kuma an gaya masa a nan ake ajiye takardar da aka zana gari a kanta.

A shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da wani abu ni ne mai kula da wani ɗan ɗakin karatu a wajen Shahuci. Ɗaki ne guda mai tsawo, da bencina, da tebura, da kabad-kabad na littattafai, da wani akwati mai faɗi wanda ake shimfiɗa taswirori a ciki. Lokaci ne da siyasa ta shigo gari da gora a hannu. Sai kana zaune lafiya ka ji ihu daga lungu, kafin ka leƙa an fasa wa wani baki. Gilasan tagoginmu duk duwatsu sun cinye su, domin wasu sun ɗauka duk mai karanta jarida ɗan adawa ne. Ni ma na ajiye tawa gorar a bayan ƙofa, ban kuma ɓoye ta ba.

Ni dai ba mai haƙuri ba ne, kowa ya sani. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutum ya shigo ya tsaya a kaina ya ce in gaya masa amsa. Nakan ce ni ba boka ba ne, zo in nuna maka inda ake nema. Sai in ja shi gaban akwatin katuna in sa shi ya laluba da yatsunsa, in buɗe masa bayan littafi in nuna masa fihirisa, in koya masa duba shekarar da aka buga abu da wanda ya buga shi. Wasu su yi fushi su tafi, wasu su dawo. Akwai wani akawu da na kama yana yanke hoto daga jarida da reza, na sauke masa rula a bayan hannu har sai da rular ta rabe biyu. Ya kai ƙarata, aka ja mini kunne, amma bai ƙara ba.

Telan nan kuwa na ba shi ruwa ya wanke hannu, domin ba a taɓa mini takarda da jini. Sannan ya zauna a bakin benci ya ba ni labari.

Gonaki biyu ne a gindin Goron Dutse, a cikin ganuwa, a lokacin gidaje ba su cinye wurin ba. Ta yamma ta gidan ubansa ce, kuma tun da uban ya rasu baffansa ke riƙe da gidan da gonar. Ta gabas ta gidan su mahaifiyarsa ce, kawunsa ke riƙe da ita. Kakannin aminai ne, amincin ne ma ya kawo auren. Ba su taɓa dasa komai a tsakaninsu ba, sai suka ce wata turba da ta tashi daga tsohuwar rijiya ta miƙe wajen ganuwa ita ce iyaka. Da mutane suka sauya hanya turbar ta mutu, fartanya ta yi ta cin ta daga nan da can har ta ɓace. Yanzu kowane gida yana nuna inda ya ga dama ya ce nan take.

Ya ce da farko zagi ne kawai. Daga nan aka koma jifa da hoge. Bara 'yan gidansu suka tare babban ɗan kawun shi kaɗai, suka karya masa hannu da ƙotar gatari, har yau hannun bai miƙe daidai ba. Yau da safe wajen sharar gona aka rama a kan ƙaninsa, aka sara masa fartanya a tsakar ka har ƙashi ya bayyana. Baffan ya tsaya a ƙofar asibiti ya rantse cewa bana sai an yi gawa.

"Malam," ya ce, "tsohuwata tana gidan Baffa, jininta yana gidan Kawu. Duk wanda aka kashe nata ne. Ko abinci ta daina ci. Ina so a raba maganar nan kafin ruwan shuka ya sauka."

Na dube shi da kyau. Mutum ne siriri, zai yi talatin da wani abu, da zare maƙale a hularsa. Na tambaye shi ko yana karanta boko. Ya ce ya yi ajin manya, yana haɗa baƙi a hankali. Na ce to tashi, ba ni zan nemo maka ba.

Ranar ya sha wuya a hannuna. Na tsayar da shi gaban katuna na ce ya nemo taswira. Ya fara daga katin farko yana karanta kowanne har ƙasa, kamar mai bitar allo. Na daka masa tsawa na ce a haka sai damina ta wuce bai kai ba, ya tsallaka zuwa harafin da yake nema. Gumi ya karyo masa. Da ya samo katin ya ga lambar da ke kusurwa, ya je ya ja aljihun akwatin da ke da wannan lamba ya ga takardar kwance, sai ya juyo ya dube ni baki buɗe. Na ce masa ba tsafi ba ne, jeri ne kawai.

Muka shimfiɗa ta a babban tebur. Ban bar shi ya nemi gona ba tukuna. Na ce ya fara nemo abin da ya sani. Ya bi zanen ganuwa da ɗan yatsa har ya tsaya a Ƙofar Ɗan Agundi, ya samo kasuwa, ya samo kududdufin unguwarsu. Na nuna masa ɗan akwatin da ke gefen takarda inda aka bayyana alamomi, wannan rijiya, wannan itace, wannan ɗigo-ɗigo hanyar ƙafa. Ma'auni bai ba shi wahala ba, tun da mutumin inci ne. Da na ce inci ɗaya a nan yana tsaye a madadin tafiya kaza a ƙasa, sai ya zaro tef daga aljihu ya ɗora.

Inda muka yi rigima shi ne wajen kibiyar da ke saman takarda. Na tambaye shi ina take nunawa. Ko tunani bai yi ba ya ce gabas. Na ce arewa. Ya ce ai kan abu gabas yake kallo. Ban yi mamaki ba, kusan duk wanda na koya wa taswira da haka yake farawa. Mu mutane ne da in za mu yi sallah gabas, in za mu yanka rago gabas, in za mu faɗi iyakar gida da gabas muke farawa. Na naɗe takardar na fitar da shi tsakar gida, na shimfiɗa ta a ƙasa, na ɗauko kamfas, mai allurar nan da ke nuna arewa, na ɗora a kai. Na yi ta juya takardar har kibiyarta ta yi daidai da allurar, sannan na ce ya ɗaga kai ya duba. Ga Dala a inda takarda ta ce, ga Goron Dutse a inda ta ce. Na sake juya ta kan ya kalli gabas, na ce to yanzu nemo mini duwatsun. Ya duba, ya duba, sai ya yi murmushi, ya ce yanzu kam an kai Dala inda ba ta taɓa zuwa ba. Na sa shi ya maimaita har sai da ya gaji da ni.

Amma turbar ba ta cikin takardar. Ga rijiya, ga fili, babu ɗigo ko ɗaya. Ya fara neman takalmansa. Na ce ina za ka, ka duba gindin takardar ka gaya mini yaushe aka yi ta. Ya duba ya ga ba ta daɗe ba. Na ce to turbar da ta mutu tun kana yaro me zai kawo ta nan? Koma wajen katuna ka ga ko tana da ya, wata taswirar da ta girme ta.

Ya yi kwanaki yana zuwa, yakan rufe shago bayan azahar ya taho. Wata rana ma sai da muka kulle ƙofa muka tura benci a bayanta, domin 'yan gora sun biyo wani saurayi har bakin tagarmu. Muna ji suna dukansa yana kiran uwarsa, har muryar ta koma gurnani. Na ɗauki gorata zan fita, telan ya riƙe mini riga ya ce sun fi goma. Da suka watse muka jawo yaron ciki, haƙoransa a hannunsa. Telan ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure masa kai. Ya ce shi ya gaji da wanke jini.

A ƙarshe shi da kansa ya samo tsohuwar taswirar, wadda 'yan safiyo na farko, masu awon ƙasa, suka yi, ta yi ja don tsufa, an manna mata ƙyalle a baya. Ga rijiya. Ga ɗigo-ɗigo sun tashi daga bakinta sun miƙe sama, wato arewa. A dama da ɗigon, ɗan nesa kaɗan, ga alamar wata babbar kuka. Ya ɗora tef ya auna, ya sake aunawa. Sai ya ajiye tef ɗin.

Na ce, "Yaya?"

Ya ce, "Kukar nan a gonar Kawu take. Mu kuwa yanzu har bayanta muke nomawa." Ya shafa fuska. "Ashe mu muka ci musu."

Na zaci zai naɗe takardar ya ce in manta ya taɓa zuwa. Na ga masu yin haka da yawa, mutum ya zo neman gaskiya, in ta fito ba tasa ba sai ya ce littafin ne ya yi ƙarya. Shi kuwa sai ya ce alhamdu lillahi, 'yan kunyoyi ne, ba su kai ran mutum ba, a mayar musu. A ranar na ji ina ƙaunar mutumin nan har cikin raina, ko da yake ban gaya masa ba. Abin da na ce masa kawai shi ne ya ɗage gwiwar hannunsa daga kan takardata.

Taswira ba a tafiya da ita gida, wannan doka ce. Na ba shi takarda shara-shara da fensir, ya ɗora a kai ya kwafi rijiya da ɗigon da kukar. Ya rubuta sunan gidansu a hagu da layin, na kawunsa a dama. Ya zana kibiya a sama ya rubuta arewa a gefenta. Na gargaɗe shi cewa takarda ba alƙali ba ce, ya fara kai ta wajen mai unguwa a tara dattawa. Ya ce haba Malam, ya tsallake Baffa ya kai maganar gida waje? Sai Baffa ya fara gani. Amma ya ce zai sa tsohuwarsa ta aika wa Kawu cewa a kwantar da hankali, ɗanta ya samo takardar da za ta raba gardama.

Ba a jima ba ruwan shuka ya sauka. Washegari da sassafe, ina dawowa daga masallaci, na tarar da shi a ƙofar gidana. Kuncinsa na hagu ya kumbura har idon ya rufe, leɓensa a fashe.

"Baffa ya juya takardar," ya ce.

Ya ba ni labari a tsaye. Ya kai wa baffan takarda cikin ladabi, ya tsuguna ya fara bayani. Baffan ba ya karanta boko. Ya karɓa ya shimfiɗa a kan buzunsa yadda yake zaune yana fuskantar alƙibla, ya ga kibiya ta miƙe gabansa, ya ce madalla. Ya tambaya ina nasu, telan ya ce hagu da layi. To in ka tsaya a bakin rijiyar ka kalli gabas, duk abin da ke hagunka gonar kawun ce, gaba ɗayanta. Wani abin takaici kuma, can gabas akwai wata kukar, domin kuka ba ta yi wa wurin kaɗan ba. Baffan ya yi kabbara, ya ce dama ya sha jin tsofaffi na cewa filin duk nasu ne. Telan ya ce a'a Baffa, kibiyar arewa take nunawa. Baffan ya ce kibiya a takarda, in ba alƙibla ba me za ta nuna? Telan ya sake cewa arewa ce. Sai baffan ya ɗauke shi da mari, ya bi shi da takalmi a baki a gaban yara, ya ce boko ya koya masa ƙaryata na gaba da shi, kuma dama nonon wancan gidan ya sha.

"Sun fita da turaku tun ɗazu," ya ce. "Su Kawu kuma suna can za su yi shuka."

Har yau ban yarda cewa tsohon nan makirci ya shirya ba. Ya gaskata abin da ya gani, kuma abin ya yi masa daɗi, shi ke nan kunnensa ya toshe.

Na jawo kekena, muka biya ɗakin karatu na ɗauki kamfas, na goya shi a baya. Hanya duk taɓo, sau da yawa sai mun sauka mun tura. Tun daga nesa muka fara jin ƙarar ana buga turke.

Da muka isa, baffan yana tsaye a bakin rijiya, dogo, da farin gemu, ya danne takardar a ƙasa da duwatsu. 'Ya'yansa da 'ya'yan ƙannensa sun ja igiya daga rijiyar sun miƙe gabas, suna kafa turaku a gefen gonar kawun, suna cewa daga nan zuwa ganuwa duk nasu ne. Kowanne da adda ko gora a kusa da shi. Can gefe ga kawun da nasa mutanen, da sungumi a hannu da ƙoren iri, sun yi cirko-cirko. Kawun gajere ne mai ƙiba, ya cika fam da fushi. Da ya hango telan sai ya ɗaga murya.

"Kai! Takardar da ka ce wa uwarka za ka kawo ke nan? Ka je ka haɗa baki da 'yan boko a cinye gonar ubana?"

Telan ya ce, "Kawu, don Allah a dakata." Bai tsaya yi masa bayani ba, ya wuce wajen baffan ya zube a taɓo. "Baffa, don girman Allah a juya ta. Ga malamin da ke da takardar, a tambaye shi."

Na gaishe da tsohon, bai amsa ba. Na tsuguna na ɗora kamfas a kan takardar, na ce, "Baba, gabas ɗinka daidai ne, ba wanda ya isa ya gyara maka. Takardar ce ba gabas take kallo ba. Dubi allurar nan."

Ya ce, "Ƙarfe ne zai nuna mini gabas, ni da nake sallah tun ba a haifi ubanka ba?" Ya sa ƙafa ya shure kamfas ɗin cikin rijiya.

Zuciya ta ɗebe ni, na miƙe zan faɗa masa maganar da ba a faɗa wa mai furfura. Ban samu dama ba. Wani dutse ya taso daga wajen mutanen kawun ya sami ɗaya daga cikin masu igiya a goshi, ya zauna daɓas, jini ya rufe masa fuska. Shi ke nan wuri ya kaure.

Na ga faɗa a gari, amma ban taɓa ganin irin wannan ba, domin waɗannan sun san juna, suna kiran sunan juna suna sara. Wani ya kai wa ɗan gwaggonsa adda, ya tare da hannu, yatsu biyu suka faɗi a kan kunya. Wani aka danne shi a taɓo ana tura masa fuska ciki yana shure-shure. Iri ya watse ko'ina. Ni ban san wanda ya sauke mini gora a kafaɗa ba, sai dai na ji ƙashi ya yi ƙara, hannuna ya saki. Na faɗi a gwiwa, wani ya bi ta kaina ya taka mini kunne. Baffan yana tsaye yana ihu a kashe su, kawun yana ihu a kashe su, ba mai jin wani.

Daga inda nake na hango telan. Bai ɗauki makami ba. Ya ruga wajen igiyar yana tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa, yana ihu, "Ba nan ba ne! Ba nan ba ne!" Wani ɗan baffan ya kai masa gora a baya, ya yi tangaɗi, ya ci gaba. Ya kai kan turke na can ƙarshe, wanda aka buga da ƙarfi ya nutse. Ya sunkuya ya kama shi da hannu biyu yana jijjigawa.

Babban ɗan kawun, mai karyayyen hannun nan, ya fito daga cikin turmutsitsin da sungumi. Abin da ya gani shi ne mutumin da ya kawo takarda, sunkuye a kan turke a gonar ubansa. Na buɗe baki na yi ihu, ban san ko murya ta fita ba. Ya ɗaga sungumin da hannunsa mai lafiya ya sauke masa a ƙeya, inda wuya ya haɗu da kai.

Telan bai yi ƙara ba. Ya kifa a kan turken, ƙafafunsa suna karkarwa. Jini ya yi ta bulbulowa yana bin kwarin kunya tare da ruwan jiya. Wanda ya yi saran ya tsaya yana kallo, sai ya ga sauran turakun a warwatse a ƙasa, ya ga ramukansu a jere. Ya saki sungumin ya fara salati da ƙarfi. Salatin nan ne ya tsayar da faɗan.

Aka ciro ƙyauren wata bukkar masu lambu aka ɗora shi a kai. Mutanen gidan biyu suka ɗauka tare, kowa jina-jina. Ina biye da su riƙe da hannuna. Idonsa mai lafiya a buɗe yake, leɓensa yana motsi, na sa kunne ban ji komai ba. Ba mu kai ga gidajen farko ba ya cika.

'Yan doka suka zo suka kwashe mazan gidajen biyu, daga baya aka saki wasu, aka riƙe wanda ya yi saran. Aka ɗaure mini kafaɗa, na je jana'iza a haka. Baffan ya tsaya a sahun gaba, bai dubi kowa ba. Kawun bai zo ba, an ce masa in ya zo za a yi gawa ta biyu. Na koma ɗakin karatu na zauna, mutane suna shigowa suna tambayata abu ina nuna musu da hannu ɗaya. Baƙin ciki ya hana ni ko yi musu tsawa.

Bayan sadakar uku aka aiko mini cewa mahaifiyarsa tana son ganina. Na je, aka shigar da ni soron ciki, aka shimfiɗa mini tabarma. Tana zaune a bayan asabari, ƙafafunta kawai nake gani. Na yi mata gaisuwa, ta amsa da murya a dushe.

Ta ce, "Kai ne malamin da yake zuwa wurinka?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Nan gidan sun ce ya sayar da su ga 'yan'uwana. Can gidan sun ce ya sayar da su ga baffansa. Ni ban san takarda ba. Kai ka gani da idonka, ka gaya mini tsakaninka da Allah, me ya samo?"

Na gaya mata duka, ban rage komai ba. Na ce iyakar tana yamma da kukar, gidan nan ne suka shiga gonar yayanta da 'yan kunyoyi. Na ce ɗanta ya gani ya yi hamdala, ya ce a mayar musu. Na ce marin da ya sha a kan haka ya sha shi, kuma turakun cire su yake yi lokacin da aka sare shi.

Ina jin numfashinta. Sannan ta ce, "Wato gonar yayana ya je ƙwato masa."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ce, "To ka tashi ka je ka gaya masa haka da bakinka, kamar yadda ka gaya mini. Kada ka sassauta masa ko kalma ɗaya. Ni ba zai ƙara jin muryata ba."

Na tafi a ranar. Na sami kawun shi kaɗai a zaurensa, ya rame, ga kwanon tuwo an rufe za a kai wa ɗansa gidan yari. Da ya gane ni sai ya haɗe rai, ya ce in takarda na kawo in fita. Na ce saƙon ƙanwarsa na kawo. Na zauna na faɗa masa daga farko har ƙarshe, ban sassauta ba. Tun ina tsakiya ya fara girgiza kai yana cewa a'a, a'a. Da na gama sai ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna.

Ya ce, "Ita ta aiko ka?"

Na ce ita ce.

"Ta ce in zo?"

Na ce, "Ba ta ce ba."